Iri Ɗaya, Gona Biyu: Yadda Ake Kwatanta Arzikin Hausawan Ibadan da na Sudan

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin sanyi, da ya wuce Kura ya doshi Kwanar Gafan, zai ga kwandunan tumatir jere a bakin titi ana loda su cikin manyan motoci. Da yawa daga cikin motocin nan Kudu suka nufa, wasu Legas wasu Ibadan, inda Hausawan da suka daɗe da zama a can za su karɓi kayan su sayar. Idan kuma mutum ya ratse ya shiga cikin gonaki, zai tarar da ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana gangarowa da kansa ta manyan magudanai da ƙanana har ya isa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Irin wannan tsari na ban-ruwa, amma wanda ya fi na Kura girma nesa ba kusa ba, shi ne ya riƙe dubban Hausawa a yankin Jazira na ƙasar Sudan tun daga shekarun 1920.

Ashe ke nan Kura tana da alaƙa da al'ummu biyu na Hausawa mazauna nesa da gida. Da na Ibadan ciniki ya haɗa su, da na Sudan kuwa kamannin sana'a. Akan ji mutane suna cewa Hausawan wuri kaza sun yi arziki domin suna da himma, na wuri kaza kuwa sun zauna cikin talauci domin ragwaye ne. Irin wannan magana tana da sauƙin faɗa, tana kuma da haɗari, domin da ita ake raina jama'a, da ita kuma ake hana su haƙƙinsu. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi yadda mai ilimin kimiyya yake tunkarar irin wannan tambaya, da irin abubuwan da yake aunawa, da kuma ramukan da yake kauce wa kafin ya yanke hukunci.

1. Iri da Muhalli

Manomin shinkafa a Kura ya san wani abu da masana kimiyyar halittu suka daɗe suna nazari. Idan ya reni iri a wuri guda, sa'an nan ya cire ya dasa rabi a gonar da ke kusa da bakin magudana, rabi kuma a gonar da ke can ƙarshen layi inda ruwa ba ya isa sai an sha wahala, to amfanin da zai girba ba zai zama ɗaya ba, alhali kuwa irin ɗaya ne, manomin ma ɗaya ne. Babu mai hankalin da zai zargi shinkafar ƙarshen layi da lalaci.

A shekarun 1930 da 1940 wasu masana tsirrai uku a jihar Kalifoniya ta Amurka, wato Clausen da Keck da Hiesey, sun gudanar da gwaji a kan wannan batu. Sukan ɗauki tsiro guda su rarraba shi gida uku, yadda kowane yanki zai kasance yana ɗauke da gado iri ɗaya, sa'an nan su dasa a wurare uku masu bambancin tudu: ɗaya kusa da gaɓar teku, ɗaya a tsaka-tsakin dutse, ɗaya kuma can ƙololuwa inda tudun ya kai kimanin mita 3,000. Sai suka ga tsiron da ya yi tsawo ya yi fure a wani wuri, ya tsumbure ko ma ya mutu a wani. Abin da aka fahimta shi ne, siffar da ake gani a jikin mai rai sakamako ne na haɗuwar abin da ya zo da shi da kuma wurin da ya sami kansa.

Ɗan Adam dai ba tsiro ba ne, yana da hankali da zaɓi, kuma abin da baƙo yake zuwa da shi wata ƙasa ba batun jini ba ne: jari ne, da sana'a, da ilimi, da mutanen da ya sani. Amma ƙa'idar gwajin tana nan daram. Kafin a ce wata al'umma ta fi wata, wajibi ne a tambayi abu biyu: da me kowacce ta isa, kuma wace irin gona ta tarar.

2. Me Ake Aunawa?

Arziki ba kuɗin aljihu kaɗai ba ne. Masu nazarin rayuwar al'umma sukan duba aƙalla abubuwa biyar:

(a) kuɗin da ke shigowa gida a wata ko a shekara;
(b) kadara, wato gona ko gida ko dabbobi ko jarin ciniki, abin da za a iya jingina da shi ran da kuɗi ya yanke;
(c) lafiya, musamman ta ƙananan yara;
(d) ilimi, da irin aikin da 'ya'ya suke samu idan an kwatanta da na iyayensu;
(e) kwanciyar hankali, wato tabbacin cewa abin da mutum ya tara ba za a raba shi da shi dare ɗaya ba.

A ƙasashe irin su Kanada da Ostireliya akan tambayi asalin mutum a lokacin ƙidayar jama'a, saboda haka masu bincike a can suna iya ɗauko alƙaluma su jera, alal misali, waɗanda asalinsu Fotugal ne da waɗanda asalinsu Masedoniya ne, su kwatanta kuɗin shigarsu da mallakar gidajensu. A Nijeriya kuwa ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ba. Don haka kwatancin da ke tafe ya dogara ne a kan tarihi da binciken masanan da suka zauna cikin al'ummun biyu suka ga yadda suke rayuwa.

3. Sabo ta Ibadan: Cinikin da Ƙuda ya Haifar

Jirgin ƙasa ya isa Ibadan daga Legas a 1901, ya isa Kano a 1911. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwa tasu, wato Sabo, ƙarƙashin sarkinsu. Wani masanin halayyar al'umma mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, lokacin mazaunanta ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya tarar shi ne wannan 'yar ƙaramar unguwa tana riƙe da ragamar manyan cinikayya biyu, na shanu da na goro. Dalilin haka kuwa yana komawa ne ga kimiyyar halittu.

Shanun Arewa masu tozo, irin su Bunaji da Bokoloji, ba sa jure cutar sammore. Wata ƙwayar halitta ce mai suna Trypanosoma take haddasa ta, ƙudan tsando kuma shi ke ɗaukar ta daga dabba zuwa dabba, shi kuwa tsando ya fi son inuwa da laimar kurmi. Saboda haka a wancan zamani saniyar da aka kai Ibadan ba ta iya daɗewa; in ba a sayar an yanka da wuri ba, sai ta rame ta faɗi. Goro kuma akasin haka ne. Bishiyarsa, Cola nitida, a kurmi take yi, masu cinsa kuwa suna Arewa, ga shi ba ya son bushewa ba ya son zafi, sai an naɗe shi cikin ganye an yi huhu, ana buɗewa ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa. Kaya biyu ke nan masu saurin lalacewa, kowanne ana samar da shi a wani yanayi ana buƙatarsa a wani, tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da amana. Falke ya taso daga Arewa da shanu, bai san mahautan Ibadan ba, su kuma mahautan ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. A nan ne maigida yake shigowa. Shi ke saukar da falke, ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, dillalansa su nemo mai saye, sa'an nan ya tsaya a matsayin lamuni: idan mahauci ya ci bashi ya ƙi biya, maigida ne zai ɗauki nauyi. Harshe ɗaya, addini ɗaya, da sarki mai sasanta rigima, su ne suka tsaya a madadin banki da kotu. Cohen ya lura cewa a farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta fara rage ƙarfin sarakunan baƙi, mutanen Sabo sun rungumi ɗarikar Tijjaniyya sun kuma tsai da Juma'arsu a unguwarsu, abin da ya ƙara ɗaure su wuri guda ya kare cinikinsu.

A taƙaice, Bahaushen Sabo ya tarar da wata ƙofa tsakanin Arewa da Kudu, ya zauna a bakinta. Duk da haka ba kowa ne maigida ba. 'Yan tsirarun masu gidaje ne suka mallaki yawancin ɗakunan unguwar, a ƙarƙashinsu kuma akwai yaran gida da 'yan dako da masu ƙananan sana'o'i da mabarata. Bugu da ƙari, zamani ya rage darajar ƙofar: an sare kurmi, an sami magungunan sammore, manyan motoci da wayar hannu da banki sun sauƙaƙa abin da a da sai maigida. Sai jama'ar suka karkata ga wasu sana'o'in, kamar canjin kuɗi a Sabo da cinikin kayan gwari a kasuwannin Bodija da Shasha, inda tumatirin Kura yake sauka.

4. Sudan: Masu Hijira da Maniyyata

Labarin Hausawan Sudan ya faro ne ta wata hanya dabam. Tun ƙarnoni da suka shuɗe maniyyata daga ƙasar Hausa da Borno suke ratsa Sudan a ƙafa zuwa Makka, suna tafe suna yada zango su yi ƙwadago su tara guzuri, tafiyar da takan ci shekaru. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a, Fulani da Hausawa, har suka zauna a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Mutanen Sudan sukan haɗa dukan 'yan Afirka ta Yamma su kira su Fallata ko Takari.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira a filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. Bayan an faɗaɗa shi zuwa Manakil a ƙarshen shekarun 1950, girmansa ya kai kimanin hekta 880,000. Kashi na farko na shirin Kogin Kano, wanda Kura take ciki, hekta 22,000 aka tsara masa. Wato Jazira ta ninka shi sau 40. Tsarin Jazira a farkonsa shi ne gwamnati ta kawo ruwa, kamfani ya kula da gudanarwa, manomi kuma a ba shi gonar haya da ake kira hawasha, ya karɓi kashi 40 cikin 100 na ribar auduga. Amma auduga tana cin hannu, musamman wajen cira, kuma iyalin mai hawasha ba sa iya aikin su kaɗai. Wannan giɓi ne baƙi daga yammacin Sudan da Cadi da Nijeriya suka cike.

A lokacin karyewar tattalin arzikin duniya na shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi wasu 'yan ƙasa suka yi watsi da gonakinsu, an ba wasu 'yan Afirka ta Yamma hawasha. Da al'amura suka gyaru sai ƙofar ta rufe. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Mai karatu zai lura cewa wannan rana ta riga yaƙin Burmi da shekara biyar da 'yan watanni, ta kuma riga buɗe Jazira da shekara 27 da 'yan watanni. Da alƙalami guda aka mai da mafi yawan Hausawa baƙi, ko da a can aka haife su. An sassauta dokar daga baya, amma kafin nan an riga an raba gonaki. Da yawa suka zauna a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, a gefen magudanai, ba gona ba takardar fili, suna aikin lada ko noman raba-daidai da masu hawasha. Wasu suka kama su a kogi, wasu noman lambu a gaɓa, wasu suka shiga birane irin su Wad Madani da ƙananan sana'o'i. Gasasshen naman nan mai yaji da ake sayarwa a titunan Sudan, wanda suke kira agashe, sunansa ma ya isa shaida.

Akwai wani kwatanci a cikin Sudan ɗin kanta wanda ya fi kowanne kama da gwajin masana tsirrai. Jama'ar Mai Wurno hukuma ta ba su ƙasar noma ta kuma amince da sarautarsu. Masani Mark Duffield, wanda ya fitar da littafi a kan garin a 1981, ya tarar da talakawan manoma a can, amma ya kuma tarar da 'yan kasuwa da masu manyan motoci da suka taso daga cikinsu. Mutanen kambo kuwa, masu harshe ɗaya da addini ɗaya da su, a ƙasa ɗaya, sun daɗe ba su wuce sayar da ƙarfinsu ba. Babban abin da ya raba su shi ne ƙasa da matsayi a gaban hukuma.

5. Lafiya: Harajin da Ruwa Yake Karɓa

Ruwan da ke tafiya a hankali cikin magudana mai ciyayi gida ne ga dodon-koɗi, musamman nau'o'i biyu, Bulinus da Biomphalaria, waɗanda ke renon tsutsar tsargiya. Mai cutar yakan zubar da ƙwan tsutsar cikin fitsari ko bayan gida; idan ƙwan ya shiga ruwa sai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon-koɗi su hayayyafa, sa'an nan su fito dubbai su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Kududdufan gona kuma su ne wurin ƙyanƙyasar sauro mai kawo zazzaɓin cizon sauro.

Waɗannan cututtuka biyu sun addabi Jazira har aka kafa wani shiri na musamman na kiwon lafiya a 1979, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, domin yaƙar su. Binciken da aka yi a can ya nuna tsargiya ta fi tsanani a tsakanin masu yashe magudanai da mazauna matsugunan 'yan ƙwadago, domin ƙauyukan masu hawasha sun fi samun rijiyoyi da famfo, su kuwa 'yan kambo daga magudana suke sha, a ciki suke wanka da wanki. Maganin tsargiya, wato praziquantel, yana kashe tsutsar, amma wanda ya koma cikin ruwan gobe zai sake kamuwa. Yaron da jininsa ya ragu ba ya mai da hankali a aji, baban da zazzaɓi ya kwantar a makon cirar auduga ya yi asarar ladan da ya dogara da shi. Ta haka rashin fili yake zama rashin ruwa mai tsabta, shi kuma ya zama rashin lafiya, ya koma ya zama rashin kuɗi. Mazaunin Sabo yana da nasa matsalolin na cunkoso da ƙarancin tsabta, amma sana'arsa ba ta tilasta masa tsayawa cikin ruwa wuni guda ba.

6. Ramuka Uku da Mai Kwatanci Zai Kauce wa

Ramin farko shi ne ɗaukar cewa irin da aka dasa ɗaya ne tun asali. Masana halittu sun san cewa idan 'yan tsiraru suka ɓalle daga babban garke suka kafa sabo, sabon garken yakan ɗauki siffar waɗanda suka kafa shi, ba ta uwar garke ba. Waɗanda suka kafa Sabo galibi fatake ne da suka je da niyyar ciniki, suna da masu aiko musu da kaya daga gida. Waɗanda suka isa Sudan kuwa galibi iyalai ne, da tsofaffi da yara, masu hijira ko maniyyata da guzuri ya ƙare musu a hanya. Duka Hausawa ne, amma ba da abu ɗaya suka fara ba.

Rami na biyu shi ne ƙidayar waɗanda suka rage kawai. Wanda ciniki ya karye masa a Ibadan yakan hau jirgi ko mota ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, sai ya fita daga lissafi. Mai bincike zai tarar da waɗanda suka dace ne suka zauna. Wanda ya talauce a Jazira kuwa, komawa Kano tafiyar watanni ce a wancan zamani, don haka yana nan za a ƙirga shi. Manomin da ya auna tsawon shukar da ta rayu kaɗai, ya manta da wadda ta bushe, zai yaba wa gonar da ba ta cancanta ba.

Rami na uku shi ne matsakaicin lissafi. Ga misali na aji, ba alƙaluman wani gari ba. Unguwa ta farko tana da gida 10: gida 9 kowanne yana samun naira 50,000 a wata, gida ɗaya na maigida yana samun naira 1,550,000. Jimla naira 2,000,000, idan an raba 10 kowane gida ya tashi da naira 200,000. Unguwa ta biyu gida 10 ce ita ma, kowanne yana samun naira 80,000. A takarda unguwar farko ta ninka ta biyu sau biyu da rabi, alhali gida 9 cikin 10 na unguwar farko sun fi kowa a ta biyu talauci. Maganin wannan shi ne a jera gidajen daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya: 50,000 a ta farko, 80,000 a ta biyu. Duk wanda ya ga benen maigida ya ce Hausawan Sabo sun yi arziki, ya faɗa wannan rami.

7. Ma'auni na Biyar

Idan aka tsaya a kan kuɗin shiga da jari, tarihi ya nuna Sabo ta fi kambo samun dama. Amma a ma'aunin kwanciyar hankali, kowace al'umma ta ɗanɗana kuɗarta. Bahaushen Ibadan ɗan Nijeriya ne cikakke, sai dai ko a can aka haifi kakansa ba a cika ɗaukarsa ɗan asalin jiha ba, abin da ke shafar samun aikin gwamnatin jiha da tallafin karatu. A watan Fabrairu na 2021 wani ƙaramin saɓani a kasuwar Shasha ya rikiɗe ya zama rikicin ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, mutane da yawa suka gudo Arewa. Da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsada a Legas ya kuma faɗi warwas a Kano, manoman da ba su taɓa ganin Ibadan ba suka yi asara. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A Sudan abin ya fi muni. A watannin Yuli da Oktoba na 2022 an kashe ɗaruruwan mutane a jihar Shuɗin Nilu, a rikicin da ya taso bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wadda a can take da alaƙa da ikon mallakar ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya isa Wad Madani a Disamba na wannan shekara, ya tarwatsa noman Jazira, kuma a Janairu na 2025 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton hare-hare a kan mazauna kambo. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Abin tambaya shi ne, shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin a daina ganinsa raɓa?

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa bambancin arzikin al'ummun nan biyu yana da dalilai da za a iya nunawa da yatsa: wanda ya tafi da abin da ya tafi da shi, irin sana'ar da ya tarar, matsayin da doka ta ba shi a kan ƙasa, da cututtukan da muhallinsa ya ɗora masa. Ɗaya ya zauna a bakin ƙofar ciniki, ɗaya ya sayar da ƙarfinsa a gonar wani. Himma kuwa, wanda ya taka daga Kano zuwa Nilu da ƙafa ba a koya masa ita.

Darasin bai tsaya a Ibadan da Sudan ba. Kura, wadda a da turkuɗinta da rawaninta suka kai har cikin Sahara, yau ita ce mai masauki. Kowace shekara 'yan ci-rani suna zuwa dashe da cirar tumatir da yankan shinkafa, su ne suka fi daɗewa cikin ruwa, su ne kuma ba su da gona. Inda suke kwana, da ruwan da suke sha, da ko 'ya'yansu suna shiga aji, su ne za su nuna irin gonar da Kura ta zame musu. Ɗalibin da ke tunanin barin gida neman arziki, shi ma ya kamata ya tambayi abin da zai tafi da shi a kansa da hannunsa, da kuma matsayin da dokar can za ta ba shi.

Aikin Aji

1. Bayyana yadda ƙudan tsando ya taimaka wajen kafuwar tsarin maigida da dillali a Sabo.
2. Zana zagayen rayuwar tsutsar tsargiya, ka nuna wurare biyu da za a iya katse shi.
3. Gida 7 suna samun naira 30,000 da 35,000 da 40,000 da 45,000 da 50,000 da 60,000 da 440,000 a wata. Nemo matsakaicin lissafi da kuma adadin tsakiya. Wanne ya fi bayyana halin unguwar?
4. Tare da izinin malami da na mai unguwa, ɗalibai su tsara tambayoyi 10 bisa ma'aunai biyar na sashe na 2, domin kwatanta masu gona da 'yan ƙwadago a yankinsu, ba tare da rubuta sunan kowa ba.